Fitilar Wurin Manya

Yayana Ergash bai taɓa huda bangon mutum ba sai ya sha shayin gidan tukuna. Duk garin Chust an san shi da wannan hali, har wasu na cewa wayon cin banza ne kawai. Zai zo da jakar kayan aikinsa ya ajiye a bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya harɗe a kan katifar zama kamar wanda ya zo gaisuwa. Mai gida na tsaye yana dukan bango da tafin hannu yana cewa, "Usta," wato gwanin sana'a, "nan nake son fitilun, ɗaya nan ɗaya nan," shi kuwa ko kallon bangon ba ya yi. Sai ya shanye finjalinsa sannan ya fara tambaya: wa ke zama nan, wa ke kwana can, tsohuwar gidan ta wane gefe take jan carbi. A ƙasa muke zama, in ji shi, fitilar da aka ɗaura don na tsaye ba ta yi wa na zaune komai. Iyakar abin da na taɓa ji ya faɗa game da sana'arsa ke nan, ni kuwa ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Sunana Hosiyat, gurasa nake sayarwa a bakin kasuwa, kuma ba na ɓoyewa, bakina ba ya hutawa. Mahaifiyarmu takan ce maganar da aka auno mana mu biyu ni na kwashe duka, na bar Ergash da gyaɗa kai. A soja ya koyi aikin waya. Da ya dawo ya shiga masana'antar gurzar auduga inda babanmu ya ƙare ƙarfinsa, ya yi ta fama da injuna har ranar da aka sa wa ƙofar kwaɗo aka ce kowa ya kama gabansa. Wasu suka yi kuka, wasu suka tafi Rasha neman aiki. Shi ya dawo gida ya ci abincin rana, ya wanke hannu, ya ɗauki jaka ya shiga unguwa yana tambaya ko akwai mai soket ɗin da ya ƙone. Daga baya waɗanda suka tafi Rashan suka fara aiko wa iyayensu abin gyaran gida, kowa ya ce shi ma sai an yi wa ɗakin baƙinsa fitilun bango bibbiyu irin na talabijin. Da wannan yayana ya ci abinci, a kansa ya yi furfura.

Matarsa Sabohat daga wani ƙauye can bayan duwatsu aka kawo ta. Opa nake ce mata, kamar yayata ta ciki, don tun zuwanta muka shaƙu, ni ina zuba ita tana ɗinki. Huluna take yi, baƙaƙen nan namu masu farin zanen barkono, hannunta kuwa ba dama, 'yan kasuwa har gida suke biyo ta. Sun haifi yara, Allah ya karɓi sauran ya bar musu mace ɗaya, Durdona.

Da magariba abin ya fara. Rana na faɗuwa sai ka ga opa tana laluben bango, ko ta yi tuntuɓe da bokitin da ita ta ajiye da hannunta. Ba wanda ya damu, don duk mai ɗinkin hula haka idonta ke ƙarewa, aka yi mata tabarau aka ce shi ke nan. Wata rana muna tsintar shinkafa, kanta a sunkuye, ta ce min tsohuwar nan da muka gani a ƙuryar ɗaki ranar bikinta, wadda aka ce mana zazzaɓi ne ya hana ta fitowa, ba zazzaɓi ba ne. Uwarta ce, kuma makauniya ce tun da sauran ƙuruciyarta. Kawunta ma haka ya ƙare.

"Daga gefe yake cinyewa, Hosiyat," ta ce. "Yanzu kamar ta cikin bututu nake kallonki. In bututun ya toshe, haske kawai zan riƙa ganewa. Likita ya ce babu magani."

Na ce, "Haba opa, rufe bakinki! Allah ya tsare."

Ta ce, "Ya riga ya faru. Miƙo min tiren."

Na miƙa mata tiren muka ci gaba da tsinta. Ban yi kuka ba, ita ma ba ta yi ba.

To, masu neman aure a wurinmu ba yarinya kaɗai suke dubawa ba. Mata ne ke zuwa, su leƙa bayan ƙofa su ga ko akwai shara, su juya gindin tukunya, sannan su bi maƙwabta da tambaya har kan kakanni: akwai mai taɓin hankali a dangin, akwai ciwon da ke bin jini? Raunin idon masu ɗinki ba komai ba ne, kowane gida da nasa. Amma makantar gado, ko ƙishin-ƙishin ɗinta aka ji, babu mai sake taka maka ƙofa. Don haka opa ta ajiye allura ta ce yatsunta ne ke ciwo, ta daina zuwa buki da makoki ta ce baya ne. Mu huɗu kaɗai muka san gaskiya, ni da ita da mijinta da 'yarta. Durdona ta gama karatu ta zama malamar ƙananan yara, sa'o'inta suka yi aure, ƙannen sa'o'inta suka yi, matan unguwa suka fara tsayawa a wurin gurasata suna tambaya da murmushin nan nasu na munafunci, "Hosiyat, yaushe za mu ci shinkafar 'yar yayanki?" Nakan ce in sun biya ni gurasar da suka latsa za su ci.

Sai ga Mirjalol. Allurar dabbobi yake yi, yaro mai hankali, dogo, kunnuwa kamar marfin tukunya. A motar haya suka haɗu da Durdona, ta so shi, ban kuma taɓa ganin yarinyar nan ta so wani abu da bakinta ba sai shi. Gidansu suka aiko cewa za su zo. Zuwan farko a tsaitsaye ake yi, wannan ni na tare su a tsakar gida na ce uwar yarinya ta tafi dubiya. Na biyu shi ne na zama, wanda in ya yi kyau sai a sa ranar karya gurasa, magana ta ƙullu. Babu uwar da ke ɓuya a zuwa na biyu. Dole ta shigo da butar shayi da kanta, ta zauna wurin mai gida kusa da ƙofa, ta zuba, ta tashi ta kai wa babbar cikinsu finjalin farko hannu da hannu. A lokacin kuwa bututun opa ya kusa toshewa. In gida ba kowa ƙafarta ta san hanya, amma ɗaki cike da mata, ga shimfiɗar abinci a ƙasa da gurasa a kai, taku ɗaya ta kuskure ta taka shimfiɗar, magana ta ƙare tun daga nan.

Muna cikin wannan lissafi a ɗakin girki, Durdona na sharar hawaye, ni ina kawo dabaru marasa kan gado, Ergash na bakin ƙofa yana saurare. Ya sa hularsa ya fita. Na bi shi da harara na ce, "Kun gani ko? Gida na ci da wuta shi ya tafi shan shayin wasu."

Da la'asar ya dawo da kwalaye a bayan keke. Wurin mai shagon da yake sayen kaya ya je ya aro fitilun bango iri-iri. Ya ja labulen ɗakin baƙi, ya zaunar da matarsa a tsakiya, ya jona doguwar waya, ya riƙa sa fitilun ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa jikin bango.

Ta farko irin mai ƙyalƙyalin gilasai ce da ke reto, wadda kowa ke rububi. Na ce, "Aka," don haka muke kiran yaya namiji, "wannan ita ce fitila, a tsaya a nan."

"Maman Durdona, me kike gani?" ya tambaye ta.

"Hayaƙi kawai."

Ya ajiye. Ya ɗauko mai kamar fure da ke jefa haskenta sama, ta ce ba ta ga komai ba. Ya ɗauko ta tagulla mai huje-huje, ta ce kamar an watsa gero a ƙasa, kanta ma juyawa yake. Mai farin haske ta ce yana sukar ta. Har aka zo kan wata mummuna, farin gilashi kamar an kife kwano a bango, ya sa mata ƙwai mai jan haske-haske irin na da. Opa ta ɗaga hannu ta nuna ta kai tsaye.

"Ga ta can. Wannan tana da iyaka, na san inda ta fara da inda ta ƙare."

Na ce, "Tabɗi! Wannan ai ta bayan gidan asibiti ce. Mutumin da ya ƙawata ɗakunan rabin garin nan, wannan zai ɗaura a nasa? Baƙin za su ce tsiya ta kama mu."

"Irin ta zan karɓo," ya ce, ya fara mayar da sauran cikin kwalayensu.

Ɗaurawar ta fi zaɓin cin rai. Ya ce fitilun ba haska ɗaki za su yi ba, hanya za su nuna. Biyu dab da juna a gefen ƙofa, don in ta ga tagwaye ta san mafita ke nan. Ɗaya a kan alkukin da ake jera finjalai. Ɗaya babba a can ƙurya, nesa da ƙofa, saman wurin manya, inda babban baƙo ke zama a kowane gida. Wannan ta wurin manya ita ta ba shi wahala, don dole opa ta gan ta daga tsaye kuma ta gan ta daga zaune. Ya manna ta a bango da hannu yana jan ta sama da ƙasa, ita tana tashi tana zama.

"Nan?"

"Ƙasa kaɗan, Baban Durdona."

"Nan?"

"Ta ɓace. Koma da ita."

Hannunsa ya gaji, bai sauke ba. Da suka dace ya yi alama da fensir, sannan ya zaunar da ni a wurin, tunda ni ce mai tsawo a gidan, ya tabbatar kan mai zama ba zai tare ta ba. Bangonmu na ƙasa ne, ƙusa ba ta kama shi, sai da ya fafe yaɓen ya binne katako ya sake shafewa. Dardumar da ke rataye a bangon tun aurensu ya sauke ta ya naɗe. Fitilar rufi kuma ya cire mata ƙwai gaba ɗaya, don kada ta ruɗa matarsa.

Daga nan muka shiga gwaji, kullum in na taso daga kasuwa. Ni ce babbar baƙuwa. Nakan harɗe ƙarƙashin fitilar in kumbura kumatu in ce, "Wannan shayin ai ruwan wanke tukunya ne, ku ba mu ɗanmu mu tafi." Durdona ta yi dariya, opa ta ce, "Allah ya shirye ki, Hosiyat." Za ta shigo tsakanin ƙofa da tagwayen fitilu, ta bi gefen shimfiɗa da gefen ƙafarta, ta zauna, ta juye shayin cikin buta ta sake juyewa kamar yadda ake yi, ta zuba kaɗan tana jin nauyinsa a hannu, ta miƙe ta nufi babbar fitila, ta durƙusa, hannun hagu a ƙirji, na dama ya miƙo finjali daidai ƙirjina. Tun tana zubar min a cinya har ta zo ko ɗigo ba ya zuba. Ta koyi ɗaga fuska daidai inda idon mai zama yake. Wallahi ni da na san komai sai da na fara mantawa.

Ergash kuwa tunanin wuta yake. Tamu ba ta da alkawari, musamman in sanyi ya shigo. Ya aro batiran babbar mota wurin wani maƙwabci, ya ce aikin gwaji zai yi, ya jera su ƙarƙashin rumfar inabi ya ja waya ta bayan taga. Ya ce ko duk garin ya yi duhu, waɗannan fitilun ba za su ƙifta ba.

Ranar ta zo bayan an gama cirar auduga, gari a lumshe, ana yayyafi. Mata uku suka zo: uwar Mirjalol, ƙanwarta, da babbarsu, yayar kakarsa, wata dattijuwa mai jiki da ake kira Tojinisa-hola, hola kuwa inna ke nan a wurinmu, tana dogara sanda. Maza ba sa shiga irin wannan zama, don haka yayana ya tafi ƙarƙashin rumfa ya zauna kan bokiti kusa da batiransa. Opa ta tarbe su a bakin ƙofa, ta rungumi kowacce tana bin murya, ta tambayi lafiyar gida da yara da dabbobi. Na ja Tojinisa-hola zuwa wurin manya, ta ƙi kamar yadda ake ƙi, na matsa kamar yadda ake matsawa, ta zauna daidai ƙarƙashin fitilar. Daga nan ta ɗaga hannu ta yi addu'ar zama, muka shafa. Ƙanwar uwar yaron ta ɗaga kai ta kalli bango.

"Gidan usta guda, fitilu kamar kwanukan miya?"

Na ce, "'Yar'uwa, sabon yayi ne, bai iso unguwarku ba tukuna."

Aka yi dariya. Opa ta tashi ta fita ɗauko shayi, ƙafarta ko gezau. A raina na ce mun tsira.

Tana fita dattijuwar ta fara nishi. Gwiwarta ta ƙi lanƙwasuwa, ta ce in ba ta miƙe ƙafar ba za ta mutu a nan. A wurin manya kuwa ba a miƙe ƙafa, don kai tsaye za ta nufi shimfiɗa da gurasa da fuskokin mutane. Ta ce a matsar da ita gefe, jikin bango, inda za ta miƙe ta bayan mutane. Me zan ce? In ce wa baƙuwa mai shekarun uwata ta zauna da ciwonta? Muka kama ta ni da uwar yaron muka ja ta gefe, na dawo ina cusa mata filo. Wurin manya ya zama fayau. Kuma babu wadda za ta matsa ta zauna a can alhali babbarta na zaune a ƙasa da ita, ko da wuƙa aka sa mata. Duk gwajin da muka yi, duk wayar da aka ja, babu wanda ya tuna da wannan a cikinmu, abin da kowane yaro ya sani.

Ina durƙushe da filo a hannu opa ta shigo da buta, Durdona na biye da tiren alewa. Yarinyar ta gaida su ta ajiye ta fita, kanta a ƙasa kamar yadda ya kamata, ba ta lura da komai ba. Na so in yi magana. Ni, Hosiyat, da ba a taɓa rufe min baki ba. Abin da zan ce bai fi a ce, "Hola, ƙafar ta yi sauƙi a nan gefen?" ba, opa ta ji ta gane. Amma uwar yaron ta jefo min tambaya kan makarantar da Durdona ke koyarwa, na juya ina amsawa, kafin in juyo opa ta riga ta miƙe.

Ta yi tafiyarta tsaf, yadda muka koya. Ta durƙusa gaban babbar fitila, hannun hagu a ƙirji, ta ɗaga fuska da murmushi, ta miƙa finjali.

"Hola, bismillah. Kun sha hanya."

Babu kowa a gabanta sai katifa da bango.

Ban ji tsoro ba, ban ji kunya ba, ban ji komai ba, jikina ne kawai ya mutu, ina kallon tururin da ke tashi daga finjalin. Uwar Mirjalol ta kalli ƙanwarta. Opa na nan durƙushe da hannu a miƙe, murmushin bai gushe ba, tana jiran a karɓa.

Tojinisa-hola ce ta motsa. Ta ɗora yatsa a baki ta kalli matan nan biyu. Sannan ta dafa ƙasa da hannu biyu ta ja jikinta a kan katifu, a hankali, tana cije leɓe don kada nishi ya fito, har ta koma ƙarƙashin fitilar. Ta naɗe gwiwar nan mai ciwo, ta karɓi finjalin da hannu biyu.

"Yi haƙuri 'yata, carbina nake nema. Allah ya yi miki albarka."

A nan ta zauna har aka ci shinkafa da naman rago, aka sha shayi, aka fasa rumman, gumi na tsattsafo mata a goshi, ba ta sake cewa gwiwa ba. Suka yaba girki, suka yaba tarbiyyar yarinya. Da za su tafi sai da muka ɗaga ta mu biyu. A bakin ƙofar gida ta riƙe hannuna ta daɗe kafin ta saki.

Na koma ɗakin na tarar da opa tana tattara finjalai, fuskarta kamar ta amarya.

"Na yi daidai ko, Hosiyat? Ba wadda ta gane?"

"Ba wadda ta gane, opa."

Na fita wajen yayana. Yana nan kan bokitinsa, yayyafi ya jiƙa masa kafaɗa, wutar gari ma ba a ɗauke ba ranar. Na gaya masa komai a tsaye. Ina jira ya zage ni, da ma ya zage ni ɗin. Ya daɗe yana kallon batiran.

"Wane gefe ta koma?"

"Aka, abin da za ku tambaya ke nan?"

"Dama ko hagu?"

"Hagu."

Ya ce, "To," ya sunkuya ya fara kwance waya.

Ba su dawo ba. Bayan an kwana biyu suka aiko wata mata ta ce an duba, taurarin yaran ba su zo ɗaya ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Zan faɗi gaskiyarsu, ko a wurin gurasata ban taɓa jin maganar ta fita ba, dattijuwar ta ɗaure bakinsu. Opa ta ɗora laifin a kan shinkafa, ta ce ta ji tun a tukunya karas ya yi yawa. Wani lokaci kuma ta ce shekarun yarinyar ne, da ta yi aure tun ana rububinta da ba a zo nan ba. Durdona na jin ta, ta ce, "Haka ne," ta ci gaba da guga. Ni na gaya wa yarinyar abin da ya faru, don ta tsare ni da tambaya. Ba ta yi kuka ba. Tana tashi ta tafi aiki, ta dawo, ta ci abin da aka ba ta. Kafin sanyi ya fita aka karya wa Mirjalol gurasa da 'yar wani mai sayar da wuƙaƙe.

Ergash ya ci gaba da shan shayin mutane yana huda musu bango. Wata Juma'a na shigo na gan shi da sababbin kwalaye, duk irin mummunar fitilar nan. Ya ce kowane wurin zama zai yi wa tasa, da makunninta daban a ɓoye bayan katifar da nake zama. Duk inda babbar baƙuwa ta koma, sai in kashe waccan in kunna wadda ke kanta.

Na ce, "Aka, ɗakin zai koma shagon fitilu. Kuma wa ya ce muku wasu za su zo?"

"In sun zo."

Opa ta kwanta bayan azahar, don haka Durdona ce ke taya shi. Ni ina zaune ina ɓare gyaɗa. Yana kan kujera yana fama da fitilar gefen hagu, ya kwance gilashin ya miƙo shi ƙasa ba tare da ya waiwayo ba, daidai kafaɗar yarinyar, kusa da kunnenta.

"Riƙe."

Tana tsaye tana kallon bangon da ke gabanta, hannuwanta a sake.

"Riƙe, 'yata."

"Ina yake, baba?"

Ba ido ta juya ba. Kanta gaba ɗaya ta juya, dama, sannan hagu, tana nema, har fuskarta ta zo daidai da gilashin, sannan ta kai hannu ta karɓa. Rana tsaka ce, labule a buɗe, farin gilashi kamar kwano. Gyaɗar da ke hannuna na ajiye ta.

Yayana ya dube ta daga kan kujerar.

"Tun yaushe?"

"Tun bara," ta ce. "Da magariba ya fi. Kada ku gaya wa mama."

Ya gyaɗa kai. Ya juya ya ƙarasa ɗaure abin da yake ɗaurewa, ya karɓi gilashin ya mayar, ya gwada makunni, fitilar ta kama, ya kashe. Ya sauko. Saura kwali ɗaya a ƙasa, na wurin zaman da ke kusa da taga, har ya riga ya yi masa alama a bango. Ya ɗauki kwalin ya saƙale a hammata, ya ɗauki kujerar da ɗaya hannun, ya fita daga ɗakin baƙi ya ratsa tsakar gida. A ƙofar ɗakin Durdona ya ajiye kujerar, ya zaro fensir daga bayan kunnensa.